Tambayoyi da amsoshi a kan koyon tsara haruffa da zanen sanarwa a Yamai

Ni ɗan Tawa ne da ke karatun zanen sanarwa da tsara shafuka a Yamai, sana'ar da ma'aikatan gidajen ɗab'i na nan suke kira infografi. Tun da ƙanne da abokai da wasu iyayenmu suka fara ganin ayyukan da nake fitarwa, tambayoyinsu ba su yanke ba, kuma mafi yawansu a kan haruffa suke, domin nan ne mai koyo ya fi ruɗewa. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na bar su da lafazin masu su, na amsa gwargwadon abin da na koya a aji da gaban injin ɗab'i da kuma bakin titi.

Yaya, mene ne tsara haruffa, kuma me ya raba shi da buga rubutu a kwamfuta?

Mai buga rubutu aikinsa shi ne ya zuba kalmomi daidai yadda aka ba shi. Mai tsara haruffa kuwa shi ne yake zaɓa wa kalmomin kamannin da za su fito da su: wane zubin haruffa za a ɗauka, yaya girmansa zai kasance, wace tazara za a bari tsakanin harafi da harafi da tsakanin layi da layi, a ina layi zai tsaya, kuma wane ɓangare na takarda za a bari fari. Sana'ar ta girmi kwamfuta da ƙarnuka, domin tun wajajen 1450 Johannes Gutenberg ya fara zuba haruffa ɗaya bayan ɗaya da narkakkiyar dalma a birnin Mainz na Jamus, ana jera su da hannu, a shafa musu tawada, a danna takarda a kansu. Lambar girman da kake gani a kwamfuta, 10 ko 12 ko 72, gadon masu zubin ƙarfe ce, kuma a yau kowace lamba ɗaya tana daidai da kashi ɗaya cikin 72 na inci, wato kusan sulusin milimita.

Abin da malaminmu ya fara cusa mana shi ne cewa haƙƙin mai karatu yana gaba da na kowa, har da na wanda ya biya kuɗin aikin. Idan mutum ya bi sanarwa daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba, ya san abin da za a yi da ranar da wurin, to aikin ya biya buƙata, ko da bai lura da irin haruffan da aka yi amfani da su ba.

Sai na iya zane da hannu, kuma sai na mallaki babbar kwamfuta kafin in fara?

Ba dole ba ne ka iya zana fuskar mutum, ƙanena, amma dole ne hannunka ya saba da fensir. Watannin farko na karatunmu a kan takarda mai gida-gida muka ci su, muna kwafar haruffa da hannu, kuma a nan ne ido yake gano abubuwan da kwamfuta take ɓoyewa. Za ka ga cewa harafi mai zagaye irin o yakan ɗan zarce layin da n take tsayawa a kai, domin in aka yi su tsayi ɗaya cif, o za ta yi kamar ta fi ƙanƙanta. Za ka kuma ga cewa sandar da ke kwance a jikin H ta fi na tsaye sirantaka, ko da yake ido yana ganinsu kauri ɗaya.

Game da kayan aiki, gidajen ɗab'i na Yamai sun fi amfani da Photoshop da Illustrator da InDesign da CorelDRAW, kuma yana da kyau ka san su. Amma akwai Inkscape da GIMP da Scribus, waɗanda kyauta ne kuma halal ne a sauke su, sun kuma isa mai koyo ya yi aikin da ba zai ji kunyarsa ba. Da yawa sun fara ne da Canva ko PixelLab a waya. In za ka sayi kwamfutar hannu, ka fi kula da ƙarfin batirinta, saboda yawan ɗaukewar wuta a watannin zafi na Afrilu da Mayu.

Me ya sa kullum kake maganar ɓ da ɗ da ƙ da ƴ? Ai ko babu su, Bahaushe zai gane abin da aka rubuta.

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, kuma a kanta zan fi daɗewa. Gaskiya ne cewa wanda ya goge da karatu yakan tsinci ma'ana daga kalmomin da ke kewaye, amma ba don gogagge kaɗai ake rubutu ba. Akwai yaron da ke aji biyu, akwai dattijuwar da ta fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, akwai kuma dubban mazauna Yamai da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, waɗanda suke dogara da abin da idonsu ya gani. A wurin waɗannan, ƙafa da kafa kalmomi biyu ne, haka ƙaya da kaya, da baƙi da baki, da ɓari da bari. Takardar bayanin magani da ta ce a sha ƙwayoyi ɗaiɗai, in aka zubar da ƙugiyoyinta za ta koma cewa a sha daidai, kuma wannan sauyi ne da zai iya taɓa lafiyar mutum.

Haruffan nan ba da wasa aka same su ba. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko sun yi ta gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, sai a shekarun 1930 aka tsayar da masu ƙugiya a ɗab'in Zariya, inda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a nan Yamai, a 1978, aka yi taron da ya fitar da jerin haruffa na bai-ɗaya domin harsunan Afirka. Daga baya, a 1999, ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurorin da suka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak. Wanda ya zubar da ƙugiya saboda zubin da ya burge shi ba ya ɗauke da ita, ya rushe aikin da aka yi shekaru ana ginawa, ya kuma fifita jin daɗin idonsa a kan haƙƙin mai karatu.

Maganar ta ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa da gwamnatin Nijar ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A ganina, alluna da takardun sanarwa da littattafai na Hausa za su ƙaru, kuma hannunmu, mu masu tsarawa, za su biyo. In muka saba wa jama'a da ganin rubutu marar ƙugiya a manyan alluna, yara za su ɗauka shi ne daidai, malamin makaranta kuma ya rasa abin da zai kafa hujja da shi.

To yaya zan san zubin da ke ɗauke da su, kuma yaya zan buga su?

Kafin ki ƙaunaci kowane zubi, ƙanwata, ki buga masa wannan: Ƙanwar Ɗanladi ta ɓare gyaɗa. Ɓawon ya zube a ƙasa. Ƴan maza da ƴan mata suka share. Jimlolin suna ɗauke da haruffan duka takwas, manya da ƙanana. In zubin ba shi da su, ko dai ki ga ɗan akwati babu komai a ciki, ko kuma, wanda ya fi haɗari, kwamfuta ta aro harafin daga wani zubi ba tare da ta sanar da ke ba, sai ki ga ƙ siririya a tsakiyar kalma mai gwaɓi, ko ɗ da ta fi maƙwabtanta tsayi. Ki ƙara girman rubutun sosai ki duba, kuma ki gwada mai gwaɓi da rubutun tsutsa, domin wani zubin yana da su a siffa ɗaya, babu a sauran.

Dalilin wannan giɓi yana cikin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lamba. An ajiye ɓ da ɗ ƙanana a rukunin alamomin nazarin furuci, an ajiye ƙ da ƴ da manyan baƙaƙen a wani rukuni dabam, kuma yawancin masu ƙera haruffa na Turai sukan tsaya da zarar sun gama da harsunan nahiyarsu. Waɗanda na gwada na tabbatar su ne Charis da Gentium da Doulos da Andika na SIL, wata ƙungiya mai nazarin harsuna, da Noto Sans da Noto Serif na Google, da sababbin fitowar Times New Roman da Arial da ke zuwa da Windows. An ƙera Andika musamman domin masu fara koyon karatu.

Allon bugun da ke kwamfutocinmu, mai farawa da AZERTY, ba shi da haruffan, sai an ɗora masa manhajar Keyman da tsarin Hausa, a waya kuma Gboard yana da Hausa cikin jerin harsunansa. Kafin Unicode ya yaɗu, masu kishin harshe sun ƙera zubi na musamman domin cike giɓin, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi a Kano a shekarun 1990. Tsofaffin takardun da aka buga da irin waɗannan sukan sa ƙugiya a mazaunin wata alama, saboda haka in aka kawo miki irinsu sai ki bi su ki mayar da haruffan zuwa lambobinsu na yanzu kafin ki fara tsarawa.

Wanne ne daidai, ƴ ko 'y?

Duka biyun daidai ne, kowanne a ƙasarsa: ƙa'idar Nijar ta ɗauki ƴ, ta Najeriya ta ɗauki 'y. Ka tambayi mai aikin inda takardar za ta je, ka ɗauki ɗaya, ka tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. In ka ɗauki 'y, ka lura da manhajojin da ke juya hamzar farkon kalma ta fuskanci baya kamar alamar buɗe zance.

Yaya ake zaɓen zubi, kuma guda nawa ya kamata a haɗa a aiki ɗaya?

An saba raba haruffan boko gida biyu. Akwai masu dunduniya, wato ƴan ƙananan sanduna a ƙarshen kowace ƙafa, kamar zubin da ke ɗauke da sunan Claude Garamond, wanda ya yi aiki a Paris a ƙarni na 16, da Times New Roman da aka ƙera wa jaridar The Times ta Landan a 1932. Akwai kuma marasa dunduniya, kamar Futura na Paul Renner na 1927, da Helvetica da Max Miedinger ya zana a Suwizalan a 1957. Al'ada ta fi kai masu dunduniya cikin littattafai da jaridu, marasa ita kuma kan alluna da waya, amma al'ada ce, ana iya saɓa mata in akwai dalili.

Wani abin da littattafan da muke karantawa a aji ba su faɗa ba, domin a kan Faransanci aka rubuta su, shi ne yawan harafin a a cikin Hausa. Ka dubi kowane layi na wannan shafi ka ƙirga. A zubi irin Futura, ita a ɗin zagaye ce da sanda a gefe, tana kama da o ƙwarai, saboda haka dogon rubutun Hausa a cikinsa yakan zama jerin zagaye-zagaye masu gajiyar da ido. Domin dogon karatu na fi son zubin da a ɗinsa take da baki da ciki a rarrabe.

Zubi biyu sun isa kusan kowane aiki, ɗaya na kanu, ɗaya na jiki, sau da yawa ma guda ɗaya mai siffofi da dama ya wadatar. Kada ka ja harafi ta tsawo ko ta faɗi domin ya cike wuri, domin hakan yana lalata daidaiton kaurin da maƙerinsa ya sha wahalar samarwa. Kada kuma ka rubuta dogon bayani da manyan baƙaƙe zalla.

Na zaɓi zubi mai kyau, amma shafina bai yi daɗin karatu ba. Ina matsalar take?

Mafi yawan lokaci tana cikin tazara. Haruffa kamar shukar gero suke: in aka cushe ramuka za su shaƙe juna, in aka yi musu nisa kuma gona ta tafi a banza. Masu sana'ar sun daɗe da lura cewa layin da ke ɗauke da haruffa 45 zuwa 75, har da guraben da ke tsakanin kalmomi, shi ya fi sauƙin bi, domin in ya fi haka tsawo ido yakan ɓata wajen komowa farkon layi na gaba. Tazarar layuka kuma takan fara daga kashi 120 cikin 100 na girman harafi, wato rubutu mai lamba 10 a ba shi 12. Ni nakan ɗan ƙara wa Hausa, saboda ƙugiyoyin suna cika saman layi.

A manyan kanu sai an bi haruffa biyu-biyu da ido. Ƙugiyar ɗ tana leƙawa dama ta wuce jikinta, saboda haka takan gogi ɗigon i a kalma irin faɗi, ko ta hau kan ƴar'uwarta a ɗaɗɗaure. Ƙugiyar Ɓ da Ɗ manya kuwa hagu take fita, sai ta sa farkon layi ya yi kamar ya shige ciki. Waɗannan da hannu ake gyara su.

Sai maganar yanke kalma a ƙarshen layi. Manhajojin tsara shafi ba su zo da ƙa'idar Hausa ba, in ka bar su za su yanke da ta Faransanci. Ka kashe yankan da suke yi da kansu, ka riƙa sa karan ɗori a mahaɗar gaɓa, kada ka raba sh ko ts ko ky ko gw ko ƙw, domin kowannensu sauti ɗaya ne. Baƙi mai ninki ana iya raba shi a tsakiya, kamar ƙwaƙ-ƙwa-ra.

An ba ni takarda mai Faransanci da Hausa da Zabarmanci. Yaya zan haɗa su?

Ka fara da neman zubin da zai ɗauki dukkansu, domin kowane harshe da nasa buƙatun. Zabarmanci yana buƙatar ŋ da ɲ da wasula masu alamar hanci a kai, Fulatanci yana tarayya da mu a ɓ da ɗ da ƴ, Barbarci yana da ǝ da ɍ, Tamajak kuma yana da ɣ da baƙaƙe masu ɗigo a ƙasa. Bayan haka sai ka yi wa harsunan adalci. Abin da na fi gani a bangon asibitoci da makarantu shi ne Faransanci da manyan haruffa a sama, harsunan ƙasa kuma a cushe a ƙasa da ƙananan haruffa, alhali masu karanta na ƙasan su ne aka yi sanarwar dominsu. Ka ba su girma ɗaya, ka bambanta su da launi ko da ginshiƙi.

Faransanci yana barin gurbi kafin alamar tambaya da ta motsin rai da aya biyu, yana kuma da nasa alamomin zance masu kama da kibiya. Da yake da shi aka koya mana bugu, hannunmu yakan kai wannan al'ada cikin Hausa, alhali littattafan Hausa da yawa ba sa barin gurbin. Ka bar kowane harshe da ƙa'idarsa a ginshiƙinsa.

Malam, mu da muka taso a makarantar allo, ajami yana da wuri a wannan sana'a kuwa?

Allah ya gafarta malam, yana da wuri babba, kuma ni ina ganin almajirin da ya feƙe alƙalamin kara ya haɗa tawada da ƙaro ya riga mu sanin rabin abin da ake koya mana. Ya san yadda faɗin bakin alƙalami yake haifar da kauri da sirantaka, ya san daidaita layuka a allo ba tare da ma'auni ba, kuma zayyanar da ake yi wa allon sauka darasi ce cikakkiya a kan raba fili da haɗa launi. Duk ɗalibin da ke Yamai ya kamata ya nemi izinin ganin sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdou Moumouni, inda ake adana dubban littattafan hannu, waɗanda marigayi Boubou Hama ya fara tarawa.

A kwamfuta, matsalar ita ce yawancin zubin Larabci salon Gabas suke bi, alhali idon mutanenmu ya saba da rubutun Warshu, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf take da ɗigo ɗaya a sama, kuma ake sa ɗigon imala a ƙarƙashin baƙi domin wasalin e. Dattijon da aka miƙa wa takarda da salon Gabas zai iya karanta ƙaf ɗinmu a inda aka nufi fa. Ƙungiyar SIL ta fitar da Alkalami, wanda aka gina a kan rubutun Kano mai kauri, da Harmattan, kuma duka biyun kyauta ne. Sai a tabbatar manhajar tana iya jera rubutu daga dama zuwa hagu, sannan a kai wa malami ya karanta kafin a buga, tun da ajami ba shi da ƙa'ida guda da kowa ya yarda da ita.

Haka nake ba da shawara game da Tifinag, rubutun gargajiya na masu magana da Tamajak, wanda ya shiga Unicode a 2005. Siffofin da ake koyarwa a makarantun Maroko ba duka ne suka dace da waɗanda mutanen Abalak ko Agadas suka gada ba, saboda haka mai karatu na yankin shi ne alƙali.

A ina kake samun dabarun zane, kuma wane aiki ne ya fi koya maka?

A titi nake samun mafi yawansu. Masu rubuta allunan shaguna da buroshi a kewayen Babbar Kasuwa da Katako, da masu rubutu a jikin manyan motocin da ke bin hanyar Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni zuwa Tawa, sun warware matsalolin da muke fama da su tun kafin mu zo. Sun san kaurin da harafi yake buƙata domin a karanta shi cikin ƙura da hasken rana, sun san inuwar da za ta ɗago kalma daga jikin ƙarfe. Nakan gaishe su, in nemi izini, in ɗauki hoto, in koma in kwafa da fensir. Domin launi da ado kuma nakan je gidan tarihi na Boubou Hama da rumfunan masu sana'ar hannu na Wadata, in dubi aikin dukawa da maƙeran azurfa da masaƙa.

Aikin da ya fi buɗe mini ido shi ne jarrabawar da aka ba mu ta tsara afish, wato takardar manna bango, domin gasar kokowa ta takobin ƙasa, wadda jihohi takwas suke karɓa bi da bi. Sharaɗin shi ne babu hoto ko ɗaya, haruffa da launi biyu kawai. Da farko abin ya yi kama da ɗaure hannu, amma shi ya tilasta mana tambayar da ke ƙarƙashin kowane aiki, wato me za a fara gani, me zai biyo, me zai zo a ƙarshe. Na cika faɗin takardar da kalmar KOKOWA da haruffa masu gwaɓi, na matse su har kafaɗunsu suka haɗu, na sa gari da rana a mataki na biyu, sauran bayani kuma ƙanana a ƙasa. Malaminmu bai duba ayyukan a kwamfuta ba. Ya sa aka buga su aka manna a katanga, ya tsallaka da mu ɗaya gefen titi, ya ce duk wanda ba a karanta ranarsa daga nan ya koma ya sake, domin mai wucewa a kan kabu-kabu ba zai tsaya ya matso ba. Tun daga nan ban ƙara miƙa aiki ba sai na gan shi a girmansa na gaskiya, daga nisan da za a karanta shi.

Me ya sa launin da na gani a kwamfuta yake canzawa in an buga?

Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, daga ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake haɗawa: shuɗi mai haske, da ja mai ruwan hoda, da rawaya, da baƙi. Akwai launukan da haske yake iya bayarwa tawada ba ta iyawa, kuma ruwan lemo da kore masu ƙyalli, waɗanda muke yawan buƙata saboda tutarmu, suna cikin waɗanda suka fi dusashewa. Ka buɗe aikin a tsarin tawada huɗu tun farko. Ka sa hotuna su kai ɗigo 300 a kowane inci, ka zarce da launin bango milimita 3 bayan layin yanka, domin wuƙa ba ta faɗawa wuri ɗaya kullum, ka kuma yi ƙananan rubutu da baƙar tawada ita kaɗai. Ka miƙa aikin a PDF da zubin a cikinsa, ko ka mayar da haruffan zane, in ba haka ba kwamfutar gidan ɗab'i za ta musanya zubin, kuma masu ƙugiya ne suke fara ɓacewa. In ta WhatsApp za ka tura, ka tura a matsayin takarda, domin yana rage ingancin abin da aka tura a matsayin hoto.

Ɗana, wannan karatu yana ciyar da mai shi kuwa?

Baba, yana ciyarwa in an haɗa shi da haƙuri da riƙon amana, ko da yake ba zan ce muku hanyar arziƙin gaggawa ba ce. Aiki bai yankewa: katin ɗaurin aure da na suna, da kalandar biki, da tambarin shago, da bandarol na taro, da kwalin kilishi ko na sabulu, da littattafan makaranta. Masu yi da waya sun yi yawa kuma suna karya farashi, saboda haka abin da zai ɗaga yaronku shi ne abin da su ba su iya ba, wato tsara littafi mai shafuka da yawa, da rubuta harsunan ƙasa ba kuskure, da sanin abin da injin ɗab'i yake buƙata. Ku ja masa kunne ya riƙa karɓar kafin alƙalami, ya yi magana a kan yawan gyaran da ke cikin kuɗin tun kafin ya fara, kuma kada ya kai aiki ga inji sai mai shi ya karanta samfurin ya sa hannu. Ya kuma sani cewa zubin haruffa dukiyar maƙerinsa ce: wasu sai an saya, wasu kuma, kamar na SIL da Noto, an sake su ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya halatta a yi kasuwanci da su ba tare da biya ba.

Ɗalibi zai iya ƙera nasa zubin?

Zai iya, kuma shi ne aikin kammala karatun da na zaɓa. Manhajar FontForge kyauta ce, akwai kuma Glyphs ga masu kwamfutar Mac. Masu sana'ar sukan fara da n da o da H da O, domin daga waɗannan huɗu ake samun kauri da tsayi da tazarar da sauran za su bi. Ni da na gama su sai na wuce kai tsaye zuwa b da d da k da y tare da ƴan'uwansu masu ƙugiya, maimakon in bar su zuwa ƙarshe a liƙa musu ƙugiya kamar abin da aka tuna daga baya. Wahalar tana wajen girman ƙugiyar: in ta yi ƙanƙanta za ta ɓace a lamba 9 ko 10, in ta yi girma kuma za ta yi karo da harafin gaba, ta bar rami a tsakiyar kalma.

Siffar haruffan daga allunan shagunan Tawa na ɗauko ta, masu faɗin kafaɗa da gajerun ƙafafu. Mai son hanya mafi sauƙi zai iya ɗaukar zubin da ke ƙarƙashin lasisin OFL ya ƙara masa haruffan da ya rasa, da sharaɗin ya sake shi ƙarƙashin lasisin, ya kuma canza masa suna in maƙerin farko ya keɓe sunan. Nawa yana matakin gwaji. Na buga gajerun labarai da shi a girma dabam-dabam, zan kai wa malaman firamare a Tawa lokacin hutu su karanta da ƴan ajinsu, kuma duk harafin da yara suka yi ta tsayawa a kansa zan dawo da shi Yamai in sake zana shi kafin in fara siffar mai gwaɓi.